Ranar Da Gidanmu Ya Sauko Daga Dutse Da Igiya

Ƙasarmu ba ta rasa duwatsu ba. Kano na da Dala da Goron Dutse, Zariya na da Kufena, Zamfara na da Kwatarkwashi, wanda kuma ya bi hanyar Kaduna zuwa Abuja ba zai wuce bai ga Zuma ba. Da yawa daga cikinku kun taɓa hawa ɗaya daga cikinsu, ko wani ƙaramin dutse na bayan gari, a yawon sallah ko a ziyarar makaranta. Kuma duk wanda ya hau, hanyar da ya bi ita yake sake bi ya sauko, yana dafe-dafe.

Akwai wata hanyar saukowa da ba kowa ya sani ba. Mutum zai je gefen dutsen da ya miƙe tsaye kamar bango, ya ɗaura igiya a ƙugunsa, ya juya wa ramin baya, sannan ya riƙa takawa a jikin dutsen yana sakin igiyar kaɗan-kaɗan har ya kai ƙasa. Turawan Ingila suna kiran wannan absailin, kalmar da suka aro daga Jamusanci, ma'anarta sauka da igiya. Idan kun taɓa ganin ana zura mai yasar rijiya, to kun ga ɗan'uwan abin. Bambancin shi ne mai yasar rijiya wasu ne suke zura shi, a nan kuwa kai ne kake zura kanka.

Ba don wasa aka fara shi ba. Masu hawan tsaunukan Alps na Turai ne suka ƙirƙiro shi, domin sun gane cewa saukowa ta fi hawa haɗari. Ana danganta dabarar ga wani Bafaranshe mai yi wa mutane jagora a kan tsaunuka, Jean Charlet-Straton, mutumin yankin Chamonix, wanda a shekarar 1879 ya kai ƙololuwar tsaunin Petit Dru tare da abokan tafiyarsa. A yau sojoji da 'yan kwana-kwana da masu ceto da masu wanke gilasan dogayen gine-gine duk suna amfani da ita. A Najeriya, 'yan Man O' War da kuke gani a makarantu sun san ta. Ƙungiyar tasu ta samo sunanta ne daga wani wuri a gaɓar teku kusa da garin Victoria, wanda yanzu ake kira Limbe a Kamaru, inda aka buɗe cibiyar horar da matasa a 1951. Cibiyar tana da makarantar horo a kan duwatsun Shere, gabas da Jos.

A kan waɗannan duwatsu na Shere ni da 'yan gidanmu muka gwada abin a hutun Disambar da ya wuce. Mu biyar ne: Baba, Umma, ni ɗan fari, ƙanena mai shekara 16 da yake aji biyu na babbar sakandare, sai Auta mai shekara 14 da take aji uku na ƙaramar sakandare. Daga Bauchi muka je Jos gaishe da Kawu, shi kuma yana da wani aboki, tsohon malamin horo, wanda yake kai ƙananan ƙungiyoyi dutse a ƙarshen mako da kayan aikinsa. Kawu ne ya kawo shawarar. Baba ya yi dariya ya ce a je a gani. Umma ta ce ita dai 'yar kallo ce.

Kafin in ci gaba sai na faɗa muku wani abu game da gidanmu, wanda na san akwai irinsa a gidajenku. Kowane yaro yana da lambar da aka liƙa masa. Wannan shi ne mai ƙoƙari, wancan shi ne mai rigima, waccan ita ce mai son jiki. Ƙanena shi ne jarumin gida. Shi ke kashe kunama, shi ke hawa katanga idan an manta makulli a ciki. Auta kuwa tun tana ƙarama kakarmu ta sa mata farar kura, saboda ƙadangare ma idan ya gifta sai ta yi ƙara. Sunan ya bi ta har ya fara yanke mata hukunci. A lokacin ana maganar ko za a saya mata fom ɗin jarabawar shiga makarantar kimiyya ta kwana, abin da take so ƙwarai domin likita take burin zama. Umma ta riga ta ce a'a. Hujjarta ita ce yarinyar da ba ta iya kwana sai da fitila a kunne ba za ta iya zaman makarantar kwana ba.

Mun isa wurin da hantsi. Sanyin Jos a Disamba ba irin namu ba ne, domin garin kansa yana sama da mita 1,200 daga doron teku, ƙololuwar Shere kuwa ta kai wajen mita 1,829. Ba can muka nufa ba. Malamin ya kai mu wani dutse da tsayinsa bai wuce mita 15 ba, kamar bene mai hawa huɗu ko biyar, wanda ake hawansa ta baya a ƙafa cikin sauƙi, gabansa kuwa a miƙe yake sak. Daga ƙasa na kalle shi na ce ai wannan ba wani abu ba ne. Da muka hau na leƙa, sai na ga Umma a zaune kan tabarma ta koma 'yar mitsitsiya.

Malamin bai bar kowa ya taɓa igiya ba sai da ya yi mana bayani na kusan rabin awa. Ya nuna mana ɗamarar da ake sakawa, mai zagaye ƙugu da cinyoyi biyu, wadda mutum yake zama a cikinta kamar kujera. Ya nuna hular kwano, ya ce amfaninta ya fi yawa wajen tare tsakuwar da za ta iya faɗowa daga sama. Ya nuna safar hannu, da wata ƙugiyar ƙarfe mai makulli da take haɗa ɗamara da igiya, da wani ƙarfe mai siffar lamba 8 wanda igiyar take ratsawa ta cikinsa. Igiyar kanta kaurinta bai fi ɗan yatsa ba. Ya ce riga biyu gare ta: zaruruwan ciki su ke ɗaukar nauyi, saƙar waje kuma tana kare su daga kaifin dutse.

Masu karatun Fiziks za su ji daɗin wannan. Abin da yake hana mutum faɗowa ba ƙarfin damtsensa ba ne, gugar igiya da ƙarfe ce, wato abin da malamanku suke kira firikshin. Igiyar tana lanƙwasawa sau da yawa a jikin ƙarfen nan mai kama da 8, kuma kowace lanƙwasa tana cinye wani kaso na nauyin mutum. Abin da ya rage ya isa hannunka kaɗan ne, har yaro zai iya riƙe shi. Idan ka ja igiyar ƙasa zuwa bayan ƙugunka, ka tsaya cak. Idan ka sassauta, ka zurara. Shi ya sa ƙarfen yake ɗaukar zafi idan mutum ya sauko da sauri, domin gugar nan zafi take komawa. Doka ta farko, in ji malamin, hannun da yake riƙe da igiya ta ƙasa ba ya saki ko da ƙuda ya shiga maka ido. Bayan wannan akwai igiya ta biyu da aka ɗaura wa mai sauka, wadda shi malamin yake riƙe da ita daga sama, ko da mutum ya ruɗe ya saki tasa.

Duk wannan bayani, ƙanena yana gefe yana ɗaukar kansa hoto da hular kwano. Auta ce ta matsa kusa, fuskarta ba annuri, ta fara jero tambayoyi.

"Malam, a jikin me aka ɗaure igiyar?"

Ya kai ta ya nuna mata wurare biyu daban-daban da aka ɗaure, ya ce ko ɗaya ya ba da kai, ɗayan yana nan.

"To idan wannan ƙugiyar ta karye fa?"

Ya juya ƙugiyar ya nuna mata wani rubutu da aka zana a jikinta, lamba 24 da haruffa biyu, kN. Ya tambaye ni ko ɗan jami'a zai fassara. Na ce kilonyutan ɗaya ya yi daidai da nauyin kilo 100 da 'yan kai, ke nan ƙugiyar za ta iya ɗaukar sama da tan biyu. Auta ta yi shiru tana lissafi, sannan ta ce ita ko kilo 45 ba ta kai ba.

"Hijabina fa, Malam?"

A nan ya tsaya ya dube mu duka, ya ce wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a ranar. Duk abin da yake reto, mayafi ne ko bakin riga ko gashi ko igiyar wuya, ƙarfen zai iya janye shi tare da igiya ya cije, mutum ya maƙale a tsakiyar dutse. Wata mataimakiyarsa ta ja Auta gefe, ta gyara mata ƙaramin hijabi ta cusa bakinsa cikin rigar sanyi, ta ɗaura mata ɗamara a kan dogon wandon da ta sako. Ni ma aka sa na cusa rigata cikin wando. Baba ya cire hularsa da babbar riga ya ba Kawu.

Ni aka fara turawa, tunda ni ne babba. Zan gaya muku gaskiyar yadda abin yake. Duk saukar ba ta da wuya in ban da taku ukun farko. Ka tsaya a bakin dutse, dugaduganka suna leƙen rami, bayanka yana fuskantar iska, sai a ce maka ka kwanta da baya. Duk wata gaɓa ta jikinka za ta ce maka ƙarya ne. Tun kana rarrafe jikinka ya koyi cewa idan ka ga rami ka matsa gaba, ka rungumi abin da yake da ƙarfi. A nan kuwa wanda ya rungumi dutse shi ne tafin ƙafarsa yake zamewa, gwiwoyinsa su bugi dutse. Sai ka nisanta ƙirjinka da dutsen, ka buɗe ƙafafu daidai faɗin kafaɗa, ka zauna cikin ɗamara kamar mai zama a kujera, sannan nauyinka zai danna tafin ƙafarka a jikin dutse ka samu wurin takawa.

Zuciyata tana bugawa har cikin kunnuwa, tafin hannuna ya jiƙe duk da sanyin da ake yi, ƙafata ta dama tana rawa kamar ta mai taka keken ɗinki. A darasin Bayoloji an koya mana cewa wani sinadari ne, adirenalin, da wasu ƙananan gaɓoɓi a saman ƙoda suke saki idan jiki ya hango haɗari. Sanin sunansa bai hana ƙafata rawa ba. Amma da na kwanta da bayan, na ji ɗamarar ta karɓe ni, igiyar ta miƙe ta yi tauri, sai komai ya lafa. Na fara takawa ɗaya bayan ɗaya. A tsakiyar hanya na ja igiyar na tsaya don in gwada, na kuwa tsaya cak a sararin Allah. Na waiga na hango duwatsu jere har iyakar gani, hazo ya lulluɓe su. Ban fi minti uku ba na taka ƙasa. Umma ba ta ce mini komai ba, kun san kunyar ɗan fari. Ruwa kawai ta miƙo mini, hannunta yana karkarwa.

Na sake zagayawa na hau don in ga na sauran. Ƙanena ne na biyu. Ya zo da saurinsa yana cewa shi da tsalle zai sauka kamar yadda sojoji suke yi a fim. Aka ɗaura masa igiya, ya juya baya, ya leƙa ta ƙarƙashin hammatarsa sau ɗaya. Shi ke nan. Ƙafafunsa suka kafe. Malamin ya yi masa magana a hankali, ya ce ya dube shi, kada ya dubi ƙasa. Minti biyar, minti goma, yaro ya ƙanƙame igiyar sama da hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa. Daga ƙarshe ya ce, "Malam, a cire mini." Malamin bai ja maganar ba. Ya jawo shi ciki, ya kwance shi, ya ce a wurinsa ba a tilasta wa kowa, kuma ya ga ƙarti majiya ƙarfi da suka tsaya daidai inda ya tsaya.

Wurin ya yi tsit. Ƙanena ya koma gefe ya zauna ya sunkuyar da kai. A nan ne Baba ya yi abin da ban zata ba. Da ma cewa ya yi rakiya kawai ya hawo. Sai ya miƙe ya ce a ɗaura masa. Baba ya haura shekara 50, ma'aikacin ofis ne, ban taɓa ganin ya hau ko tsani ba. Ya yi bisimilla ya juya baya. Ina tsaye kusa da shi, na ga gwiwoyinsa suna kaɗawa a fili, gumi yana bin gemunsa. Kafin ya kwanta da bayan ya ɗaga murya yadda ƙanena zai ji, ya ce, "Kai, wallahi tsoro nake ji." A rayuwata ban taɓa jin wannan kalma daga bakinsa ba. Ya sauka a hankali, yana tsayawa yana hutawa. Muna jiyo Umma daga ƙasa tana cewa, "Alhaji, a hankali dai! Alhaji!"

Saura Auta. Na ce mata, "Idan ba kya so, mu sauka ta baya tare."

Ta ce, "Yaya, tsaya tukuna."

Ta je ta sake duba wuraren ɗaurin nan biyu da idonta. Ta sa mataimakiyar ta sake jan ɗamararta. Ta murɗa makullin ƙugiyar da kanta ta tabbatar ya rufu. Ta maimaita wa malamin dokokin ɗaya bayan ɗaya kamar mai bitar hadda, ya ce haka ne. Sannan ta tsaya a bakin dutsen tana kuka, hawaye sosai, ta kwanta da baya. Ƙafafunta a buɗe, hannun dama a bayan ƙugu, idonta a kan takalmanta. Ba ta zame ko sau ɗaya ba. Malamin ya juyo ya ce mini a cikinmu duka ita ce ta sauka yadda ake koyarwa. Da ta taka ƙasa har lokacin kukan take yi, Umma ta rungume ta, su biyun suka zauna a kan tabarma.

Tun daga ranar nake juya abin a raina. Mu huɗu muka tsaya a bakin dutsen nan, kuma babu wanda bai ji tsoro ba. Abin da ya bambanta mu shi ne abin da kowa ya yi da nasa. Tsoron Auta tun a ƙasa ya zo mata, ya sa ta saurara, ta yi tambaya, ta duba. Lokacin da ta isa bakin dutse ta san abin da yake riƙe da ita, ta san adadin nauyin da zai ɗauka. Na ƙanena bai zo ba sai a bakin ramin, ya same shi ba shiri, ga kuma nauyin sunan jarumi a kansa, wanda ya hana shi yin tambaya tun farko. Ashe lambar da aka liƙa wa yaro tana iya cutar da shi ko da ta yabo ce. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata, sun kuma ce sai an gwada akan san na ƙwarai. A ranar na ga ma'anar duka biyun.

Malamin bai bar ƙanena ya tafi haka ba. Ya kai shi wani ɗan dutse da bai fi mita 3 ba, ya sake yi masa bayanin daga farko, wannan karon yana saurare. Ya sauka sau uku. Babban dutsen dai bai koma ba. A mota Baba ya kafa doka cewa duk wanda ya tsokane shi da maganar zai gamu da shi, haka kuma daga ranar ba ya son ya sake jin an ce farar kura a gidansa. Ƙanena da kansa ya ce a hutu mai zuwa yana so a dawo.

Idan wannan labari ya ba ku sha'awa, ga gargaɗi, kuma da gaske nake. Kada wani ya ɗauki igiyar guga ko ta shanya ko ta ɗaurin kaya ya nufi dutsen bayan gari ko saman bene. Waɗannan igiyoyi ba a yi su don ɗaukar ran mutum ba, kuma riƙe igiya da hannu kawai ba tare da ƙarfen nan ba zai saɓule fatar tafin hannu cikin daƙiƙa kaɗan, mutum ya saki. Ana yin wannan abu ne da ƙwararren malami, da kayan da aka ƙera domin shi, da igiya ta biyu, da izinin iyaye. A guji dutse lokacin damina, domin jiƙaƙƙen dutse santsi gare shi. Idan makarantarku tana da 'yan Man O' War ko Sikawut, ku tambayi malamin da yake kula da su hanyar da ake bi a samu horo. Idan kun je kuma, ku yi tambaya irin ta Auta. Malamin kirki ba ya jin haushin a tambaye shi inda ya ɗaure igiyarsa.

Har yanzu Auta da fitila take kwana, kuma ko jiya da na kira gida na jiyo ihunta, wai kyankyaso ya shiga ɗakin girki. Amma mako biyu da dawowarmu Bauchi, Umma ta aiki ƙanena ya kai wa Baba saƙo a falo, cewa idan an fara sayar da fom ɗin makarantar kimiyya a saya wa yarinyar. An saya. Yanzu haka tana can tana fama da lissafi, ta cika bangon ɗakinta da takardu, kuma ta aiko mini da jerin tambayoyi 12 game da zaman makarantar kwana. Ta farko ita ce ƙarfe nawa ake kashe fitila.